Bireka Mai Layi Uku

Ranar da ya fara shigowa shagon kayan wutar babanta, Auta tana kan tsani tana jera kwalayen ƙwan fitila. Dogon saurayi ne mai aikin wayarin, abokan sana'a suna ce masa Dogo.

"Bireka mai layi biyu nake nema," ya ce. "Na zagaye kasuwar nan kaf, babu."

"Namu ma ya ƙare. Akwai mai layi uku."

"Aikin layi biyu ne, ƙanwata. Na ukun in kai shi ina?"

Ta sauko, ta ɗauko birekar, wato na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, ta juya masa gefenta.

"Ka bar shi fanko. Duba abin da kamfani ya rubuta. In ƙarfinta ya dace da wayarka, kuma sun yarda a yi amfani da biyu, dokar aikin wuta ba ta hana ba. Sai dai ka rubuta a murfin akwatin cewa na ukun babu komai, saboda wanda zai zo bayanka."

Dogo ya fi daɗewa yana kallonta fiye da rubutun.

"Malama, wa ya koya miki?"

"Yayana." Ta sunkuyar da kai. "Bara ya rasu. Yana tsakiyar aiki wani ya mayar da wuta."

Ya yi mata ta'aziyya, ya biya, ya fita. Washegari ya dawo sayen salatif. Jibi ma salatif. Da ta tambaye shi ko cinye shi yake yi, sai ya nemi lambarta.

"Malamata," ya rubuto mata wani yammaci, "yau na hau bene hawa uku ban ji tsoro ba. Amma in na tsaya gaban kantarki gwiwata rawa take."

"Ka riƙe tsani da kyau, Ɗalibina," ta mayar masa. "Kuma ka gwada waya kafin ka taɓa. Ba wasa nake ba."

Tun rasuwar Yaya, gidansu ya zama kamar ba kowa. Umma ba ta cika magana ba, Baba kuwa hawan jini ya kama shi. Auta ta daɗe tana juya maganar Dogo da son aurenta da yake yi kafin ta faɗa wa Baba. Ya saurare ta har ta gama.

"Me yake yi?"

"Wayarin, Baba."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Da hannuna na wanke yayanki. Na ga yadda wuta ta yi wa tafinsa. Ba zan aurar da ke in zauna jiran a kawo mini gawar mijinki ba. Ga ɗan aminina mai kantin magani, kullum shi ke kawo mini magani har gida. Aikinsa a zaune yake yi."

Auta ba ta musa ba. Ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ana cikin haka gobara ta tashi a gidan hayan da Dogo ya sa birekar. Wata tsohuwa da ke ɗakin sama ta shaƙi hayaƙi, ta cika a asibiti. Hukumar wuta ta dakatar da lasisinsa, aka soma bincike. Mai kantin magani ne ya kawo wa Baba labarin.

"An ce bireka ya sa wadda ba ta dace ba. Ina gudun kada sunan shagonku ya fito, Baba."

Auta ta kira Dogo, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa: "Ɗalibina, ni na ba ka shawarar. In haushina kake ji, ka faɗa mini, kada ka kashe ni da shiru."

Amsar ta zo a taƙaice: "Ki daina nemana. Ki yafe mini."

Ta daina cin abinci sosai. A ranta ta gama yarda cewa bakinta ne ya kashe tsohuwa, ya kuma kashe wa masoyinta sana'a. Da abin ya ishe ta, sai ta ce wa Baba za ta je hukumar ta faɗi gaskiya. Ya dube ta, ya ga yadda ta rame, ya ɗauki hularsa ya bi ta.

Jami'in binciken ya ba su kujeru, ya ji bayaninta.

"Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Birekar ba ta saɓa wa doka ba, har Dogo ya rubuta gargaɗi a murfi. Wani ɗan haya ne ya ja waya ta bayanta ya jona hita, shi ya sa ba ta yanke wutar ba." Ya juya ga Baba. "Ashe shagonka ne. Mun tambayi yaron inda ya saya har mun gaji. Ya ce shi ya sa ta, shi za a tuhuma."

Suka fito. A bakin titi Baba ya tambaye ta inda za su sami yaron. Da suka je gidansa, maƙwabtansa suka ce tun ranar da abin ya faru, kullum yana gidan 'ya'yan tsohuwar.

Can suka same shi, zaune a ƙarshen tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, ya yi baƙi ya zube. Da ya ga Baba sai ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

"An wanke ka," in ji Baba. "Me kake yi a nan?"

"Na sani, Baba. Amma ni na taɓa wutar gidan. Kullum in na wuce sai tsohuwar ta ba ni ruwa."

Baba ya dube shi.

"Wanda ya mayar wa ɗana wuta, har yau bai zo ya ce mini sannu ba." Ya share ido da bakin hannun riga. "Ka turo manyanka."

A hanyar komawa, saƙo ya shigo wayar Auta: "Malamata, ban taɓa jin haushinki ba. Tsoro na ji kada su ja ki ciki."

"Ka bar ni ina kuka ni kaɗai," ta rubuta. "Kada ka sake."

Ba a yi wani taro mai yawa ba. Bayan an ɗaura aure, ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye. Umma, wadda aka daɗe ba a ji doguwar magana daga bakinta ba, ta dafa kan Dogo.

"Allah ya tsare mini hannuwanka, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Baba ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Sharaɗina ɗaya ne. Duk ranar da ka sauko daga aiki, kafin ka kira ta, ka kira ni."

"In Allah ya yarda, Baba."

Auta ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba, tana cewa amin.