Injin Gahawa Mai Baki Ɗaya

Ran Talata ce, ana yayyafi tun safe, Auta ta hango mijinta Dogo ta gilashin shagon gahawa. Zare ta fito saya, ɗinki na jiranta a gida. Dogo na tsaye gaban kantar sayarwa, yarinyar shagon tana masa dariya har da dafe ƙirji. Ta miƙo masa ƙananan kofuna. Biyu. Ya ɗauka ya shige can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Zaren da Auta ba ta saya ba ke nan.

Da yamma ta ja yayarta zuwa shagon kayan wuta.

"Ke da ko ƙamshin gahawa ba kya so, me za ki yi da inji?" in ji Yaya.

"Kyauta zan yi wa maigidana. Tunda ɗaci yake so, ya sha a gabana."

"Auta, mutumin da ubansa ya kore shi saboda ya aure ki, shi kike zargi?"

"Kofi biyu fa, Yaya... Bakinsa biyu ne?"

Mai shago ya jero musu injinan haɗa gahawa. Wannan da kansa yake niƙa, wancan yana kumfar madara, ga wani baƙi mai sheƙi da ke cika kofi biyu lokaci guda.

"Wannan ma'aurata suka fi ɗauka, Hajiya. Ke ɗaya, shi ɗaya."

Auta ta harari injin kamar shi ya yi mata laifi.

"Ba ni mai baki ɗaya."

Da Dogo ya buɗe kwalin ya yi murna sosai, ya riƙe hannunta.

"Zuciyata, kin gama min komai. Dama akwai maganar da nake so mu yi a kan shagon nan..."

"Ba na son ji."

"Ki tsaya mana, ba abin da..."

"Na gan ka da idona! In ka sake taka ƙofar shagon nan, ni ma na san hanyar gidanmu."

Dogo ya san halinta, in ta faɗa sai ta yi. Ya ce a ransa bari ta huce tukuna, ya daina zuwa shagon.

Ba ta huce da wuri ba. Kullum safe ita ke danna garin gahawar, ta murɗa hannun injin, ta tsaya a kansa har ya shanye. Daɗi take ji, ta ci nasara.

Damina ba ta ƙare ba aka yi waya: mahaifin Dogo ya rasu.

Bayan kwanaki, Dogo na kwance a ɗaki, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yarinyar shagon ce, riƙe da tsohuwar lema.

"Anti, ta Baba ce, a wurinmu ya manta ta."

"Wane Baba?"

"Baban maigidanki mana. Ai kullum tare suke shan gahawa a kujerar ciki. Da farko ko kallon juna ba sa yi, daga baya har dariya. Ranar ƙarshe da suka haɗu Baba ya ce masa, gobe ka zo min da matar taka, a kawo kofi uku." Ta share ido. "Baba ya yi ta zuwa yana jira. Ko sau ɗaya bai kira ba, wai shi ba ya roƙon ɗa."

Auta ta jingina da bango. Ta waiga, ga Dogo a bakin ƙofar ɗaki, idonsa a kan lemar.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kin ce ba kya son ji. Ni kuma na ɗauka akwai sauran lokaci."

Injin yana nan a kicin, an rufe shi da ƙyalle. Dogo ya rasa uba da gahawar safe. Auta ta rasa suruki, da kofi ɗaya da aka ce a ajiye mata.