Ruwan Lagireto da Magariba

Aikin Likita cire haƙori ne, amma in ka zauna da shi sai ka rantse a gareji aka yanke masa cibiya. Tun da ya sayi jar motar nan mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke neman shafar ƙasa, ba shi da wata hira sai tata. Motar tana da sufacaja, wato na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya, in an taka totur sai ta saki wani siririn fito mai ratsa kunne. Kowa ya ce gudunta ya isa haka. Shi ya ce tukuna.

Ranar da ya kawo ta gida matarsa ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta riƙe haɓa.

"Likita, kujera biyu na gani, mu kuma mu uku ne. Wa za a bari a baya?"

"Ke mana," in ji shi yana dariya. "Ni da 'Yar Baba ai ba mai raba mu."

'Yar Baba ita ce 'yarsu tilo, shekararta huɗu. Sunan ya bi ta ne don ko banɗaki uban ya shiga sai ta zauna a bakin ƙofa tana jiransa. In yana gareji, tana cikin motar, ta kama sitiyari da hannu bibbiyu tana tuƙi da baki.

Kayan ƙarin gudun sun iso cikin kwalaye: ƙaramin fuli da zai sa sufacajar ta ƙara juyawa, sabon bel, da babban lagireto, domin inji in ya ƙara ƙarfi zafi ma yakan ƙaru. Likita ya ƙi kai wa bakanike. Wai hannun da ke ciro turmin haƙori daga can ƙuryar baki bai karye ba, noti ne zai gagare shi? Ya jingina waya a jikin gwangwanin giris yana kallon bidiyo, yana kwance wannan yana ɗaure wancan. Kuma tun aiki bai yi nisa ba ya riga ya cika wa abokansa 'yan motocin gudu baki, ya ce su zo da safiyar Asabar su ga abin da ake kira mota.

Ranar Juma'a da la'asar fuli da bel suka hau. Ya fita gwaji, motar ta yi kukan da ya sa shi murmushi shi kaɗai kamar sabon ango, amma kafin ya dawo allurar zafi ta haura ja. Ba makawa sai an sa babban lagireton, kuma ga baƙi gobe. Ya hau da tayoyin motar na gaba kan katakai, ya ja birkin hannu, ya sauke babbar ƙofar garejin. Ya cire kan batir, ya zare bel ɗin don hannunsa ya samu wuri, ya jefa makulli a aljihu. 'Yar Baba ta haye kujerarta ta tuƙi.

Inji na ta huci. Ya kamata ya jira ya huce, shi ma ya sani. Sai ya naɗe hannu da tsumma, ya tura bahon ƙarfe a ƙasa, ya murɗe mazubin lagireton. Koren ruwa ya tsiyayo yana tafasa, tururi ya cika garejin da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya.

Matarsa ta leƙo ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"An fara kiran salla fa. Ka turo min yarinyar, magariba ta yi."

"Bar ta, direbata ce. Yanzu za mu shigo."

Idonta ya sauka kan bahon. "Wannan kuma ka bari ya huce kafin ka zubar. In ma dole ne, ka yi bisimilla. Ba mu kaɗai ne a gidan nan ba."

"To, Malama," ya ce. "In na gan su zan ce su zo su biya kuɗin haya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja ƙofa ta tafi.

A ƙuryar garejin, bayan tsofaffin tayoyi, akwai wata rariya da ruwan wankin mota ke bi ya fita. Wurin ko da rana duhu ne. Likita ya ɗauki bahon da tsumma, ya taka can yana sauri don ƙarfen na cin yatsunsa, ya watsa ruwan gaba ɗaya. Ko bisimilla bai yi ba. Abin da ke ransa kawai shi ne ko tiyon ƙasa zai shiga sabon lagireton.

Wani abu ya yi ƙara. Siririya, gajeriya, kamar an taka ɗan kyanwa.

Ya haska tocila. Ba komai sai tururi na tashi daga bakin rariyar.

"Baba, wa ya yi kuka?"

"Mage ce. Ci gaba da tuƙinki, kada ki kai mu rami."

Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya zura kansa da ƙirjinsa ƙarƙashin motar, tocila a baki. Daga nan abin da yake iya gani a waje bai wuce ƙasan siminti da gindin bango ba. A samansa yana jin yarinyar tana "buuum, buuum", kujera na ɗan motsi. Ladan ya gama kira. Unguwa ta yi tsit.

Noti ɗaya ya ƙi. Ya lalubi sifana a gefensa bai same ta ba. Da ya juya kai sai ya ga ƙafafu tsaye kusa da tayar hagu, ƙafafun mace, ba takalmi, gefen zane na shafar idon sawu. Ya zare tocila daga baki.

"Har kin idar? Miƙo min sifana lamba goma, tana nan kan benci."

Sifanar ta sulalo a kan siminti, ta tsaya daidai tafin hannunsa. Ya ɗauka, ya yar da ita. Zafi gare ta kamar an ciro ta daga wuta, kuma a jiƙe take.

Sai a lokacin ya ji wata murya daga can cikin gida, ta bayan bango. Matarsa ce, tana kabbara.

Ya sake kallon ƙafafun. Dogaye ne, sun fi na kowace mace da ya sani. Koren ruwa na gangarowa daga yatsunsu. Sawunsu a jiƙe ya taho tun daga bayan tayoyi, kowane sawu na fitar da tururi.

A sama, "buuum" ɗin ya tsaya.

"Sannu," ya ji 'Yar Baba ta ce, da muryarta ta gaida baƙi. "Me ya samu jaririnki?"

Fitsari ya taho masa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, ya rasa farkonta. Shi da ya haddace sunan kowace jijiya a bakin ɗan'adam, bisimilla ta ɓace masa.

Wani abu ya fara juyawa a saman fuskarsa. A hankali, sannan da sauri. Fiton sufacaja ne. Ba bel, ba batir, makulli na aljihunsa, amma sabon fulin nan na juyawa, fiton na hawa yana siririncewa, har ya daina zama fito ya koma kukan jariri.

Ƙafafun suka lanƙwasa. Tana durƙusowa.

Ya ga gwiwa. Ya ga wani ɗan ƙaramin hannu na reto daga cikin zane, fatarsa ta saluɓe, jajir.

"Wa ya zuba?" Muryar a hankali take, dab da kunnensa, numfashinta na ƙamshin ruwan lagireto.

Ya runtse ido.

"Nawa ya ƙone," in ji ta. "Wannan ta sama taka ce?"

Abin da ya biyo baya Likita ya sha juya shi a ransa, yana neman inda zai ce ba shi ba ne. Bai samu ba. Shi ne ya mirgina ta ɗaya gefen, goshinsa ya daki ƙarfe bai ji ba. Shi ne ya wuce ta jikin ƙofar motar, tagar a buɗe, yarinyar a zaune, miƙa hannu kawai zai yi. Shi ne ya faɗa ƙaramar ƙofa. Kuma hannunsa ne, ba na kowa ba, ya jawo ta ya rufe gam.

A soro ya tsaya yana haki. Nan hankalinsa ya dawo, ya tuna abin da ya bari. Ya juya, ya kama mariƙin ƙofar. Ta cikin katakon yana jin kukan nan na hawa. Ya ce wa hannunsa murɗa. Hannun ya ƙi. Ya ce wa ƙafarsa taka. Ta ƙi. Ƙato da gemunsa, ya tsaya wando a jiƙe.

Matarsa ta fito da hijabin salla. Ta kalli goshinsa, ta kalli wandon, ta kalli gefensa inda yarinya ta saba tsayawa.

"Ina take?"

Ya nuna ƙofar da yatsa.

Ta cire hannunsa daga mariƙin kamar mai cire tsumma daga ƙusa, ta yi bisimilla, ta yi sallama, ta shiga ba takalmi.

Ƙofar ta koma ta rufe da kanta.

Ya manna kunne. Kukan na nan. A ƙarƙashinsa yana jin muryar matarsa, ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in ta je gaisuwar mutuwa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah... Ni ma uwa ce... Ba ta san komai ba."

Wata murya ta yi raɗa. Bai ji me ta ce ba.

"A'a," in ji matarsa. "Ba ita ba. Ga nawa hannun."

Sai wani ɗan sauti, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Ya ji ta ja numfashi ta haƙora, ba ta yi ihu ba.

Fiton ya fara sauka. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu.

Ƙofa ta buɗe. Ta fito da yarinyar a kafaɗar hagu, lafiya lau, har tana waiwaye tana ɗaga wa wani hannu. Hannun uwar na dama yana lulluɓe cikin hijabi. Likita ya miƙa hannu zai karɓi 'yarsa. Matar ta wuce shi.

"Je ka canja wando," ta ce. "Ka yi salla, lokaci na wucewa."

Da ta buɗe hannun daga baya, tafin gaba ɗaya ya tashi, ya yi ruwa, kuma a tsintsiyar hannun akwai shatin dogayen yatsu, jajir. Shi ya wanke, shi ya shafa magani, shi ya naɗe. Ya jira ta zage shi. Wallahi da ta zage shi da ya ji sauƙi, da ta kira 'yan'uwanta ta tona masa asiri da ya gode. Ita kuwa bango take kallo, da ya gama ta ce, "Sannu da aiki." Bai tambaye ta abin da ta gani ba, don ya san shi ya kamata a ce ya shiga ya gani.

Ya manta bai hana abokansa zuwa ba. Washegari da hantsi suka cika ƙofar gida da rurin salansa. Ya ce musu tiyo ne bai yi daidai ba, goshi kuma bonet ne ya buge shi. Garejin yana kulle. Suka zauna a falo suna masa tsiya, wai likitan haƙori ya ciro wa mota haƙori ya kasa mayarwa. Matarsa ta kawo shayi tana zubawa da hannun hagu. 'Yar Baba na riƙe da gefen zanenta. Tun jiya ba ta sake shi ba.

Wani mai ƙaton ciki a cikinsu ya sunkuyo wajen yarinyar.

"Ke direba, gaya min gaskiya. Motar babanki tana gudu kuwa, ko cika baki ne?"

Ta yi tunani sosai, yatsa a baki. Sannan fuskarta ta washe, don ta samu abin da za ta yabi ubanta da shi.

"Baba ya fi ta gudu," ta ce. "Jiya na gan shi."

Falon ya ɗauki dariya, har wani na buga cinya. Likita ma ya buɗe baki, ya yi abin da ya yi kama da dariya. Matarsa ba ta ɗago ba. Ta cika kofin ƙarshe, ta ajiye masa a gabansa.

Motar tana nan har yau a kan katakanta, an rufe ta da tamfol, sabon lagireton na cikin kwalinsa. A gidan ba a zubar da ko ruwan shayi sai ya huce, kuma mai gidan ya fi kowa ɗaga murya da bisimilla. Hannun ya warke, shatin yatsun ne bai goge ba, kullum yana ganinsa in ta miƙo masa abinci. Mutane har yanzu 'Yar Baba suke kiran yarinyar, tana kuma amsawa. Sai dai in wuta ta ɗauke gida ya yi duhu, ko da tana zaune a kan cinyarsa ne, sauka take yi ta tafi tana lalube tana kiran Mama.