Ƙauyen da Ba a Zana Ba

Masuntan Kilwa suna cewa akwai wani tsoho da ke yawo a gindin ganuwar Turawa da dare yana tambayar hanya. Matata Mwanaidi ta ce in na gan shi kada in tanka.

Wani dare ina gadin ɗakin tsofaffin taswirori a cikin ganuwar, sai na ji warin ɗanyar farar ƙasa da ruwan teku. Ga tsohon tsaye a gaban gilashin da ya rufe wata taswira.

"Ɗana, an ce ka iya karatu. Duba mini ƙauyenmu, Mkungwini. Tun da aka kwaso mu aikin ginin nan uwata take jira."

Na haska fitila. Turawa sun zana ganuwa da igwa, har da zurfin ruwan da jiragensu ke tsayawa. Inda mutane suka zauna kuwa, sun bar shi fari fat.

"Nan ne?" Ya nuna. Yatsansa yana can cikin gilashin, takardar tana jiƙewa.

Da ƙyar na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba su zana mu ba."