Saƙon Taufiq a Wayar Barira

Ummussalma ta ƙura wa wayar da aka miƙo mata ido.

"Tauraruwata, duk inda nake zuciyata tana wajenki..."

Tauraruwata! Sunan da Taufiq ya rantse ita kaɗai yake kira da shi. Ga kuma lambarsa ɓaro-ɓaro a sama.

"Kin dai gani da idonki," in ji Barira, 'yar ƙanwar mahaifiyar Taufiq, wadda ta taso takanas daga Gwaram. "Ni ba faɗa ya kawo ni ba. Dama Hajiyarsa tuwona maina take so, ga shi shi ma ya dawo hanya."

Ashe Malam Barau, mahaifin Ummussalma, yana tsaye bakin zaure, ya ji komai.

"Ai dama na faɗa!" ya ce. "Yaron da kullum ƙafarsa na hanyar Kano, wa ya san gida nawa yake zance? A tattara musu kayan gaisuwarsu a mayar."

"Baba..."

"Na gama magana!"

Barira na fita Ummussalma ta faɗa ɗaki, ta kira Taufiq.

"Wallahi Salma ban tura mata komai ba!"

"Lambar wa ce?"

"Tawa ce, amma..."

Ta katse kiran, hawaye suka ɓalle mata.

A ajin koyon kwamfuta da take koyarwa ran Asabar a Birnin Kudu suka haɗu da Taufiq. Shi mai shagon iri da taki ne a Gwaram, ya zo koyon rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa amsa wa manoma saƙonninsu idan yana kan hanya. Da yatsa ɗaya yake danna haruffa, har 'yan aji na yi masa dariya.

Da yatsa ɗaya...

Zumbur ta miƙe zaune. A wayar Barira, gaisuwarta da doguwar amsarsa lokacinsu ɗaya ne. Yaushe Taufiq ya yi wannan saurin? Kuma a sama ta hango jerin gaisuwar Barira da ba a taɓa amsawa ba.

Ko dai zuciyarta ce ke nema masa mafita?

Washegari da hantsi ta lallaɓi Goggo Kulu, ƙanwar babanta, suka hau motar Gwaram.

Taufiq na ganinsu ya saki buhun irin shinkafar da ke hannunsa.

"Salmata..."

"Kar ka ƙara kira na haka. Buɗe min kwamfutarka."



"Akwai abin da... ba na so ki gani tukuna."

"Kin ji ko?" Goggo ta tafa hannu. "Mai gaskiya ba ya ɓoye-ɓoye. Taso mu tafi!"

"Ka buɗe, ko in tafi ba dawowa," in ji Ummussalma.

Ya buɗe. Ta bi layukan manhajar a hankali. Wanda ya rubuto "taki" a ba shi farashin taki, wanda ya rubuto "iri" a ba shi na iri. Can ƙasa ta ga sabon layi, wanda zai yi aiki idan saƙon ba na ciniki ba ne. Ga kalaman nan da suka hana ta cin abinci, harafi da harafi.

"Shekaranjiya na ƙara shi," ya ce, kansa a ƙasa. "So na yi ko ina tuƙi, kina gaishe ni ki sami amsa. Na ce wa manhajar idan sunan mai saƙon Salma ne ko Ummussalma..."

"Ba haka ka ce mata ba." Ta ɗora yatsa kan layin. "Duba. Ka tambaye ta, sunan Salma ne? Sai ka sa 'ko', ka ajiye Ummussalma shi kaɗai, ba ka gwada shi da komai ba. Ita kuwa na'ura idan ta ga kalma zaune haka, ba fanko ba, sai ta ɗauke ta a matsayin e. Kowa ya gaishe ka ya zama ni ke nan."

"Kowa?"

"Kowa! Kamata ya yi ka jera sunayen wuri guda, ka tambaye ta ko sunan yana cikinsu. Na koya muku wannan, ranar hankalinka ba ya kan allo."

"Yana kan malamar," ya ce a hankali.

Saura kaɗan murmushi ya suɓuce mata, ta danne.

"Maganar na'ura dai ta ƙare. Saura kai. Tun yaushe Barira ke turo maka saƙo?"



"Tun bara... Ban taɓa amsawa ba, Salma."

"Ba ka amsa ba, ba ka kuma hana ta ba, ni ma ba ka faɗa min ba. Ka bar yarinya tana ta sa rai!"

"Kunyar Hajiya nake ji, 'yar ƙanwarta ce."

"To ka zaɓa. Ni ba zan shiga gidan da mijina ke jin nauyin faɗin sunana ba."

Ya ɗauki hularsa.

"Goggo, don Allah ku raka ni wajen Hajiya. A gabanku zan faɗa."

Ya kuwa faɗa, gwiwoyinsa a ƙasa, Barira na jin su daga bakin ƙofa. Hajiya ta yi faɗa, ta share ƙwalla, daga baya ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da za su tafi Ummussalma ta ce, "Kar ka gyara layin nan sai na ce."

Bayan la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, alfarma ɗaya. Ka tura wa Taufiq sallama a waya."

"Ni? Wannan mayaudarin?"

"Yi mana, Yaya," in ji Goggo Kulu. "Ba abin da zai rage ka."

Ya rubuta yana tsaki. Bai ajiye wayar ba ta yi ƙara. Ya ɗaga ta nesa da idonsa, ya karanta, ya sake karantawa.

"Ni Barau? Da gemuna nake tauraruwar wani?"

Goggo ta kifa kai tana dariya. Ummussalma ta yi masa bayani dalla-dalla, Goggo ta ɗora da abin da ya faru gaban Hajiya.

Malam Barau ya shafa gemu.

"A gaban uwarsa ya faɗa?"

"A gabanta, Yaya."

"To ya turo manyansa. Kuma ya gyara abin nan kafin ya kai ga liman!"

Bayan girbi aka ɗaura aure.

Ana shirin fita da amarya, wata ta kutso cikin mata ta tsuguna kusa da ita. Barira ce, idanunta jawur.

"Ki yafe min," ta raɗa mata. "Na yi murnar zuwa in ƙuntata miki... amma wallahi da gaske na ɗauka ni ya rubuta wa."

Ummussalma ta zaro hannunta mai lalle daga cikin mayafi, ta damƙe nata.

"Na sani, Barira."

A waje direbobi sai hon suke yi. Ba ta saki hannun ba har aka kai ta bakin mota.