Na'urar da Ke Jiran Ihu

Na'urar da ake kira Uwar-Layi tana maƙale a rufin ɗakin haihuwa na babban asibitin Sabuwar Tiga, idanunta na gilashi suna bin gadaje, kunnuwanta suna tsintar kowane nishi. Daga fuska da murya take auna azabar mace, sai ta kunna fitila a kan gadonta. In ja ce a garzaya da ita wajen likita, in koriya ce ta jira. Likitoci sun yi ƙaranci a birnin, don haka hukuncin na'urar shi ne na ƙarshe. Ƙofar ɗakin tiyata ma ba ta buɗuwa sai da izininta.

Fitilar gadon Hansatu koriya ce tun hantsi, alhali zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe da jini.

Yayarta, Injiniya Barira, tana tsaye a kanta, kuma ta san dalili, domin da ita aka haɗa na'urar, ita kaɗai mace a sashen injiniyoyin kamfanin da ya ƙera ta. Ƙwaƙwalwar na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata. Kamfanin ya sayo darasin ne daga ƙasashen Turawa: muryoyin matan da ke kurma ihu a naƙuda, da fuskokin da ke yin fari fat idan jini ya zuba. Baƙar fata ba ta tona asiri haka. Sannan a nan mai haihuwar fari cije leɓe take yi, domin wadda ta yi raki sai ta tsufa ana yi mata gori.

Barira ta faɗi wannan a taro tun kafin a rataya na'urar. Shugaban sashen, Injiniya Lurwanu, ya yi dariya har da buga tebur.

"Kimiyya muke yi, Hajiya, ba hirar gidan suna ba. Ciwo ai ciwo ne ko'ina."

Samarin sashen suka taya shi, kamar yadda suka saba. Washegari aka mayar da Barira zaɓen launin fitilu, wai mata sun fi ido.

Yanzu ta sunkuya ta kama hannun ƙanwarta, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Hansatu, yi ihu. Don girman Allah ki yi ihu, shi kaɗai take ji."

"Haba Yaya," in ji Hansatu da ƙyar. "Surukata na bakin ƙofa fa. Da wane ido zan kalle ta?"

Barira ta tare ungozoma. Matar ta dubi jinin, ta dubi fitilar, idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi Hajiya na gani. Na danna ƙararrawa ta ƙi karɓa. Ko na tura gadon, ƙofar ba za ta buɗe mini ba."

Barira ta kira Lurwanu a waya. Yana wajen bikin karɓar lambar yabo, tana jin tafi a bayansa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, na'urar ba ta taɓa kuskure ba, ita ce dai son ƙanwa ya rufe mata ido.

Sai Barira ta kifa kanta a gefen gadon ta tsala ihun da kanta, da duk ƙarfinta, ko za ta ruɗi na'urar. Amma Uwar-Layi ta san bakin da ya buɗe. Ta ce cikin lallausar murya, "Mai ziyara tana damun marasa lafiya." Mutum-mutumin tsaro biyu suka gangaro a kan tayoyinsu, suka fitar da Barira cikin ladabi.

Tana waje Hansatu ta cika, ba ta ce uffan ba. Na'urar ta sanar da cewa mara lafiya ta samu natsuwa. Sai da bugun zuciyar jaririyar ya rikice fitilar ta koma ja, aka ciro ta da rai. Mata suka yi ta yabon mamaciyar a wajen zaman makoki, wai jaruma ce, ko tari ba ta yi ba. Barira ta ji kamar ta shaƙe su, ta kuma tsani kanta da ta yi shiru ranar da aka yi mata dariya.

Kamfanin ya yi bincike, ya gano na'urarsa lafiya lau take, masu naƙuda ne ba sa ba ta haɗin kai. Sake koyar da ita zai ɗauki lokaci, ga garuruwa suna layin saye. Sai aka samo mafita mai sauƙi.

Ranar da Barira ta goyo jaririyar zuwa rigakafi, ta wuce ta gaban ɗakin awon ciki. Mata ne cike, kowacce da tulun cikinta, kansu a sunkuye don kunya. An kunna musu muryar wata Baturiya tana naƙuda, suna maimaitawa a tare. Malamar da ke koya musu ta dubi fitilar gwaji a bango, ta girgiza kai.

"A'a, ku ƙara ɗagawa. Har yanzu ba ta yarda kuna jin ciwo ba."