Sai Wani Ya Fita

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo ya san doka guda wadda ba a jayayya a kanta: in ɗan benci zai shiga, sai wani ya fito. Yaran da ke harbin ƙwallon tsumma a lungu ma sun san ta. Bahago ya san ta tun bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba, kuma sanin nan ne ya kai shi ya baro, domin maganar da kunne ya saba da ita ba ya tsayawa ya auna ta.

Bahago ɗan mai gyaran keke ne, yana buga wa ƙaramin kulob ɗin unguwarsu. Filinsu rabi ciyawa rabi tsakuwa, ɗakin sa kayansu tsohuwar kwantena ce mai taga ɗaya. Amma a filin nan ba a taɓa hura usur ɗin farko yana zaune ba. Kocinsu, wani tsoho mai ɗingishi da ya rene shi a ƙwallo, yakan ce ƙafar hagun yaron nan ta fi kansa hankali. Ran wasa kuwa gidansu kulle shi ake yi. Baba ya rufe rumfa, Umma ta ɗauko 'yar kujerarta, ƙaninsa Auta ya gudo daga wajen koyon aikin lantarki, matarsa ta saɓo 'yarsu. Kyaftin yake kiran yarinyar, saboda tun bakinta bai gama buɗewa ba take ba kowa oda a gidan.

Ana nan sai wani dillalin 'yan wasa mai baƙin tabarau ya fara zuwa kallo. Ya ja Bahago gefe ya nuna masa hotunan gidajen sa'o'insa da motocinsu, ya ce ƙafa irin tasa asara ce a bar ta tana cin tsakuwa. Koci ya ce ya yi haƙuri ya ƙara ƙwari, manyan kulob tara yara suke yi yadda mai hali ke tara takalma, wanda zai sa da wanda zai ajiye. Bahago ya ce a ransa tsoho ba ya so a raba shi da mai ci masa ƙwallo ne kawai. Ya je gwaji babban kulob, suka ce za su kira. Shiru. Da shirun ya yi tsawo, dillali ya rage murya ya ce akwai wani mutum da ke buɗe irin wannan ƙofa. Ya ce ya tafi da ƙasar tsakiyar filinsu, da ƙurar bakin ƙofar gidansu, da takalminsa na hagu.

Da rana tsaka ya je, ta bayan wani sito na tsofaffin tayoyi. Yana sa kai cikin ɗakin zafin rana ya yanke kamar an rufe shi a rijiya. Takalman ƙwallo ne rataye daga rufi, birjik, babu ko ɗaya mai ɗan'uwa, suna lilo alhali ba iska. A kusurwa baƙar tukunya rufe da jan ƙyalle, ƙahoni jingine da ita, bango duk tabon jinin da ya bushe ya yi baƙi. Ƙarni da hayaƙin turare sun cuɗe har suna ɗaci a maƙogwaro. An ja farin layi da toka daga bango zuwa bango, ya raba ɗakin biyu. Bokan da aka turo shi wurinsa na zaune a ƙetaren layin, mutum fes da shi, farar singileti, ƙumba a yanke. Wannan tsaftar ta fi komai tayar wa Bahago da tsigar jiki.

Boka ya tambaye shi su wa ke ci a tukunya ɗaya da shi. Yana faɗa, boka na ajiye wa kowa ƙaramin dutse ta cikin layin, Baba, Umma, Auta, matarsa, Kyaftin. Bahago ya ji daɗi, ya zaci rabon arziki ake yi musu.

"Me kake so, ka buga ko a saye ka?"

"Ai duk ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"Da ɗaya ne da ba ka zo nan ba. Inda kake ai bugawa kake yi."

Bahago ya ce, "A saye ni."

Ya tambayi ladan aiki, boka ya ce shi ba ya karɓar komai. Ya nuna tukunya da haɓa. "Masu ɗakin nan doka ɗaya gare su, kuma taku ce ta 'yan ƙwallo. In ka shiga, wani zai fita."

Bahago har da dariya. "Ai ko'ina haka ake canji."

"Ni dai na faɗa maka. Maimaita da bakinka."

Ya maimaita. Aka yanka baƙin zakara a kan ƙafarsa ta hagu, aka kwaɓa jinin da ƙasar fili da ƙurar gida, aka shafe masa tun daga diddige har gwiwa. Boka ya rataye takalmin cikin sauran, ya hura wani usur na ƙashi mai ƙara kamar kukan jariri, ya ce ya tsallako layin. Da ya tsallaka, duwatsun nan suka yi wata 'yar rawa a ƙasa. Ya gani, ya kau da kai. Ran nan ya sayar da imaninsa, ya fito yana fito.

Kafin jinin ya gama fita daga ƙarƙashin ƙumbarsa babban kulob ya kira, ya sa hannu. Koci bai yi masa baki ba, ya dai tsaya a ƙofar kwantena ya ce Allah ya sa a riƙa tuna yana wurin. Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Gida mai bene, mota mai baƙin gilashi, talabijin da ta cinye bangon falo. Ya hana Baba taɓa keke, tsoho ya koma zaman kujera yana murza hannuwansa da suka rasa abin yi.

A kulob kuwa Bahago ya tarar da irinsa sun cika ɗaki, kowa gwanin unguwarsu. Aka ba shi benci mai laushi, mai rumfa. Wasa ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, yana zaune yana kallon ciyawar da ya yi mafarki. Auta kan tsokane shi a waya, wai Yaya ya zama ɗan kallon da ake biya.

Ranar da aka fara ɗaga allon canji da lambarsa, wasa ya kusa tashi. Ya tsallaka layi, ƙwallon farko da ta zo ƙafarsa ya zuba ta a raga. A gida Baba ya miƙe gaban talabijin zai yi ihu, ya koma ya zauna, bai ƙara tashi ba. Mutane suka ce murna ce ta yi masa yawa. Bahago ma haka ya ce.

Da aka sake sa shi, ya sake ci. A daidai lokacin Auta na tsakar gida, ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Umma, ya tafi a hankali ya zauna jikin katanga ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar bai ƙara gane kowa ba. Magana ɗaya ta rage a bakinsa, dare da rana: "An cire ni."

Da Bahago ya dawo ya ji wannan kalma daga bakin ƙaninsa, sai ɗakin bayan sito ya faɗo masa a rai, da duwatsun nan. Ku ji inda kwaɗayi ke kai mutum. Ya gane sarai, amma sai ga babban wasa, aka ce masu sayen 'yan wasa daga wani kulob da ya fi nasu za su zo kallo. Da kocin babban kulob ya waiwayo ya kira shi, ya gaya wa zuciyarsa ai mutuwa da ciwo na Allah ne, haɗuwa ce kawai aka yi. Ya shiga. Ya ci biyu. Matarsa, wadda ko ciwon kai ba ta kwana da shi ba, aka tarar da ita a kicin babu rai, ludayi a hannu, tukunya na tafasa.

Ya koma wajen boka a guje. Duwatsu biyu suka rage cikin layin, sauran na waje. Ya faɗi ya kama ƙafar mutumin, ya ce a karɓi gidan, a karɓi motar, a karɓi ransa.

"Ni ma dillali ne, kamar mai tabarau ɗinka. An riga an saye ka, wanda aka saya ba ya ciniki."

"To a fitar da ni, ni."

"Kai mai shiga ne." Boka ya dube shi ba tausayi ba mugunta. "Da ka zauna inda ake fara wasa da kai, wa za a fitar?"

Daga nan Bahago ya zama mai tsoron sunansa. In koci ya waiwayo ya duƙa yana gyaran safa. Yau cinya, gobe gwiwa, likitoci suka duba ba su ga komai ba. Kulob ɗin masu kuɗi ba ya lallashi, suka sallame shi, suka sayo wani yaron daga wata unguwar. Dillali ya daina ɗaukar wayarsa. Gida da mota suka bi ta hanyar neman maganin Auta. Suka dawo tsohon gidansu, shi da Umma da Kyaftin da mara lafiya.

Dabara ɗaya ta rage masa: ya koma ƙaramin kulob, inda ake fara wasa da shi, ba canji ba komai. Tsohon kocinsa ya rungume shi har da ƙwalla. Amma akwai wani matashi a gurbinsa yanzu, kuma zaman benci ya sa wa Bahago nauyi. Koci ya ce sai ya fara daga benci har jikinsa ya dawo.

"Koci, ko ka fara da ni, ko kar ka sa ni sam. Don Allah."

"Girman kan can ne ka kawo mana nan?"

Da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da an tsira. Kunya ta hana shi. Mutumin da bai ji kunyar Ubangijinsa a ɗakin boka ba, ya ji kunyar tsoho mai ɗingishi.

Ran wasa ya roƙi Umma ta zauna a gida, amma Kyaftin ta ba da oda, ta jawo 'yar kujerar da kanta. Ya zauna a ƙarshen katakon benci da niyyar ko sama za ta faɗo ba zai tashi ba. Bayan hutun rabin lokaci aka zura musu ƙwallo, matashin nan kuma ya gurɗe aka ɗauko shi. Sai fili ya ɗauki sunan Bahago. Koci ya kira, ya ƙi. Ya riƙe katako da hannu biyu yana girgiza kai. Abokansa suka zaci wasa yake yi, suka ɓamɓare yatsunsa suna dariya, 'yan kallo suka taso ta baya suna tura shi, duk cikin ƙauna. Yana turjewa yana cewa su tsaya, ihu ya danne muryarsa. Cikin hayaniyar nan ya ji wata siririyar murya daga cinyar Umma.

"Abba, shiga mana!"

Ya waiwaya. Waiwayen nan ne ya sa ƙafarsa ta hagu ta sauka a ƙetaren layi. Alƙalin wasa ya hura usur. Ba a kai ga taɓa ƙwallo ba Umma ta fara salati, tana jijjiga yarinyar da kanta ya langaɓe a kafaɗarta.

Yanzu duk wanda ya bi ta filin zai ga wani mutum da yagaggiyar riga yana gudu a hankali ta wajen layi, ya je ya dawo, yana motsa jini kamar wanda za a sa. Ba ya tsallaka layi, ba ya shiga ƙofa, ko zanen da yara suka yi a ƙasa kewaye shi yake yi. Cikin surutansa Umma ta tsinci labarin duka, har da dutse ɗaya da ya rage. Ta tsufa, ta binne miji da suruka da jika, tana wanke wa Auta jiki kamar jinjiri. Kullum takan kawo wa Bahago abinci bakin fili ta ajiye, ta daɗe tana kallonsa.

"Shiga mana, ɗan nan," takan ce a hankali. "Shiga in huta."

Shi kuwa ya toshe kunne ya ci gaba da gudunsa.

Ku yaran da ke da ƙafa, ku ji da kyau. Ba a ce kar ku ci gaba ba, amma wanda ya ƙyamaci filin da ake buƙatarsa don kujerar da ake biya, ya riga ya ce a saye shi, kuma mai saye ba ya tambayar wa ka baro a gida. Wanda ya ƙara da zuwa wajen boka kuwa, ya sani ba a taɓa ba shi kyauta ba. Kafin ku ce kun yarda, ku waiwaya ku dubi waɗanda ke zaune bakin layi suna kiran sunanku. Da su za a biya.