Takobi Mai Cin Ƙane

"Ajiye shi, tsoho — a hankali!"

Tsakar rana, ruwa na dukan rufi. Tsoho Kuroda na durƙushe a tabarma yana shafa wa takobi mai, da takarda a bakinsa don kada numfashi ya taɓa ƙarfen. Shinsuke ya saita masa bindiga. Tsohon ya mayar da ƙota, ya zura takobin a kube. Oga Tetsuji ya fizge.

Tsohon ya tofar da takardar. "Ɗana, jarumin da ya mallake shi, ƙanensa ya sare da shi. Tun daga ranar bai sha jinin bare ba."

"Ka adana wa jikokinka tatsuniyar, baba!"

Shinsuke bai yi dariya ba. A kan farin ƙyalle ya hangi 'yar ƙusar gora. Ya taɓa aiki a shagon kayan tarihi, ya san ita ke riƙe ƙarfe da ƙota. Ya buɗe baki, sai ya tuna tafiyar tasu: Oga da ƙanensa, sai shi kaɗai bare. Ya haɗiye maganar.

A mota Noboru, ƙanen Oga, na tuƙi da hannu ɗaya. Ya miƙo wa Shinsuke dunƙulen shinkafa. "Ci, ɗan tsoro! Ka ga fatalwa ne?"

Can gidan kuwa, tsohon ya nuna wa sufeton 'yan sanda da ya iso ƙusar. "Ku yi sauri. Ba takobin nake ji wa ba."

A dajin gora Tetsuji ya ce a tsaya. Suka fito.

"Kawo bindigar, Shinsuke, in jefa rafi."

Ya miƙa. Sai ya ji Noboru ya riƙe masa hannuwa ta baya.

"Yi haƙuri, abokina," in ji Noboru. "Ka san fuskokinmu."

"Oga, kada ka zare takobin nan!"

"Kai ma ka kamu da tatsuniyar?"

Tetsuji ya zare — ya kai sara! Shinsuke ya sulale ƙasa. Ƙarfen ya fice daga ƙota kamar kibiya — cak!

Hannuwan da ke riƙe da shi suka saki.

"Yaya," in ji Noboru, yana kallon ƙirjinsa, "ka ce ba zai…"

Jiniya ta iske Tetsuji a durƙushe cikin laka, da guntun itace a hannu. Ko motsi bai yi ba.

Mutanen gari suka ce takobi ya cika al'adarsa. Mutane kam sun fi son laifi ya hau kan ƙarfe, don ƙarfe ba ya musu. Shinsuke ya san ƙusa ce, ya san shirunsa ne ya cece shi. Amma a kurkuku, duk ranar da aka yi ruwa, ba ya taɓa shinkafarsa. Yakan tura ta gefe, inda yake jin wani na zaune.